Yadda Mai Riƙe da Sito Zai Rage Shara da Asarar Magani a Lokacin Annoba

Kayan asibiti hanyarsu ɗaya ce a wannan yanki namu na arewacin Kamaru: daga kudu suke hawowa arewa, kuma ba sa komawa. Kwalin safar hannu zai taso daga Malesiya ko Tailan a jirgin ruwa, ya sauka Duwala, ya hau jirgin ƙasa ko tirela zuwa Gaundare, ya gangaro ta Mbe zuwa Garwa, in na Marwa ne ko Kusuri ya ƙara gaba. Ma'aikaciyar jinya ta saka, bayan minti biyar ta cire. Daga nan ya zama namu har abada: ko mu ƙona mu shaƙi hayaƙin, ko mu binne kusa da rijiyar da muke sha, ko yara su tsince a juji. Aikina riƙon siton magani ne a wata cibiyar lafiya da ke wajen Garwa, kuma abin da nake so abokan aikina su riƙe shi ne, yawan sharar da asibiti zai tara mu muke yanke shi ranar da muka zauna cike takardar oda. Mai shara abin da muka sayo yake kwashewa.

Korona ce ta fito da wannan fili. Ranar 6 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko a Yawunde, ranar 18 aka rufe iyakokin Kamaru, washegari Chadi ta sanar da nata mutum na farko da ya kamu. A farkon watan ne kuma Indiya ta taƙaita fitar da wasu magunguna, har da farasitamol. Sai muka shiga hali iri biyu a jere. Da farko babu, takunkumi ɗaya sai mutum ya wuni da shi yana lallaɓawa. Daga baya kaya suka yi ta kwarara, na gwamnati da na agaji, har aka rasa inda za a ajiye, balle inda za a zubar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin Maris 2020 da Nuwamba 2021 an sayi kayan kariya kimanin tan 87,000 ta hanyar shirin Majalisar Ɗinkin Duniya kaɗai, kuma allurar rigakafi fiye da biliyan 8 da aka yi ta bar sharar sirinji da allurai da akwatunansu tan 144,000. A ƙasashe mafiya talauci, cibiyoyin lafiya shida cikin goma ba su da halin sarrafa sharar da suke da ita tun kafin annobar. Wata annobar za ta zo, in ba irin ta korona ba to kwalara ko ƙyanda ko sanƙarau, waɗanda mun riga mun saba da su. Ga yadda nake ganin ya kamata a shirya.

Oda

Kada ka yi oda da tsoro. Wanda ya taɓa ganin sito wayam yakan rama da ninka komai sau uku, bayan shekara kuma ka same shi yana neman inda zai ƙona rabi. Katin sito shi ne ke faɗa maka gaskiya, in dai ana cike shi a lokacin da kaya suka shiga ko suka fita, ba ranar da aka ji masu duba aiki na tafe ba. Ka haɗa abin da ya fita a watanni uku ko shida na baya, ka raba, ka sami abin da ake ci a wata. Akwai tarko a nan. In safar hannu ta yanke kwana 10 a cikin wata, abin da katin ya nuna na kwana 20 ne, sai ka gyara lissafin. A ce kwali 20 ya fita a waɗannan kwanaki, to bukatar watan kwali 30 ce. Ka ninka wannan da watannin da ke tsakanin oda da oda, ka ƙara lokacin da kaya ke ɗauka a hanya, ka ƙara wata ɗaya na ko-ta-kwana, sannan ka cire abin da ke hannunka wanda wa'adinsa bai kusa ba. Abin da ya rage shi za ka rubuta.

Mu na Garwa wata ɗayan ya ishe mu. Wanda ke Kusuri ko Makari ya san hanyar Mora zuwa Dabanga da damina, shi sai ya ƙara tun kafin ruwa ya sauka, kuma ya ƙara a kan abin da daminar ke ci: maganin zazzaɓin cizon sauro, kayan gwajinsa, ruwan ƙari, gishirin amai da gudawa.

Ka tsaya ga hanyar da aka sani, wato CENAME, babbar ma'ajiyar magunguna ta gwamnatin Kamaru, da asusun bunƙasa lafiya na yankinka, in a Chadi kake kuma takwararta CPA. Na san yadda farashin kasuwa ke jan ido idan kaya suka yanke. Amma a watan Afrilu 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun kulorokwin da aka kama, kuma Kamaru na cikin ƙasashen da aka ambata. Jabun magani asara biyu ce, bai warkar ba kuma dole ka nemi yadda za ka lalata shi.

Sai kayan kyauta, inda kunya ke cutar da mu. Mota ta tsaya, an sauke kwalaye, an ɗauki hoto, shugaban cibiya ya yi godiya, babu wanda ya juya kwali ya duba kwanan wata. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce maganin kyauta ya iso da aƙalla shekara ɗaya a gabansa. In ya rage wata biyu kuma ba za ku iya shanye shi ba, ba kyauta aka kawo maku ba, an sauke maku sharar wani ne. Ka faɗa cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, mun gode ƙwarai, amma kwali biyar za mu iya amfani da su kafin lokacinsu, sauran a kai wa asibitin gunduma da ke da yawan marasa lafiya." Ban taɓa ganin wanda ya yi fushi da wannan ba in an faɗa tun kafin a sauke.

Cikin sito

Zafin Maris da Afrilu a Garwa yana haura digiri 40, alhali yawancin magunguna an rubuta a jikinsu kada su wuce 25 ko 30. Ɗakin kwano marar silin a wannan lokaci yana cin magani tun kafin ranar da ke jikin kwalin ta zo, safar hannu kuma ta manne da juna, kana ja tana yagewa. In babu kuɗin na'urar sanyaya ɗaki, akwai abubuwan da ba sa bukatar wuta: silin, farin fenti a kan kwano, tagogi biyu masu fuskantar juna da raga, darbejiya ta ɓangaren yamma. Kwalaye su hau katako kamar santimita 10 daga ƙasa, a bar santimita 30 tsakaninsu da bango. Ka rataye ma'aunin zafi, ka rubuta safe da la'asar, domin ranar da za ka nemi a yi maka silin takardar ce za ta yi magana.

Wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ke gaba, ko da jiya ya iso. Ni da jar alƙalami nake rubuta watan da shekarar da manyan baƙaƙe a gefen kwalin da ke kallon ƙofa, saboda rubutun kamfani ƙanana ne kuma sau da yawa yana ƙasan kwali. Duk abin da ya rage masa wata shida kuma na ga ba za mu cinye ba, nakan sanar a zauren WhatsApp na masu sito na gundumarmu. Kusan kullum akwai wanda nasa ya yanke. A yi takardar miƙawa, a sa hannu, ya wuce. Wanda ya riga ya lalace kuma a ware shi, a rubuta, a kulle har hukuma ta zo a lalata a gaban shaidu. In ka bar shi a kwali a bayan ɗaki, wata rana za ka gan shi a faranti a kasuwa.

Abin da za a iya haɗawa a nan

Ruwan javel, wato ruwan kulorin na kwalba da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi, yawancinsa ruwa ne, kuma ɗauko ruwa a mota daga Duwala zuwa bakin Binuwai ba dabara ba ce. Garin kulorin da ake kira HTH, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, ya fi sauƙin ɗauka kuma ya fi jure ajiya in murfinsa a rufe yake a inuwa. Giram 15, wato cokalin cin abinci ɗaya a shafe, a cikin lita 10 na ruwa yana ba ka kashi 0.1, na goge gado da tebur da hannun ƙofa. Giram 70 a lita 10 yana ba ka kashi 0.5, na jini da amai da gudawa. Rabin cokali a lita 10 kuma kashi 0.05 ne, na jiƙa tufafi. In javel na kwalba gare ka, ka duba ƙarfinsa a jiki, ka raba da ƙarfin da kake so, ka cire ɗaya, abin da ya fito shi ne awon ruwa. Mai kashi 2.6 in kana son 0.1, awo ɗaya ne cikin awo 25 na ruwa. Bokitin roba mai murfi za ka yi amfani da shi, ban da na ƙarfe. A haɗa na yini kawai, gobe a sake sabo, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanki. Akwai ma ƙananan na'urori da ke fitar da kulorin daga gishiri da ruwa da wutar sola. Cibiyar da ta sami irin wannan ta rabu da jiran mota.

Wata ɓarna da na gani da idona lokacin korona ita ce fesa kulorin a jikin mutane a bakin ƙofa da kuma kan titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana tun a watan Mayu 2020, domin ba ya kare kowa, sai dai ya sa ido ja da tari. Ganguna aka ƙarar a haka, alhali tsumma da bokiti ne ke aikin.

Ruwan goge hannu ma ana haɗa shi, in akwai masanin magunguna da zai tsaya a kai. Na lita 10: etanol mai kashi 96 mililita 8,333, haidirojin feroksaid mai kashi 3 mililita 417, gilisarin mililita 145, a cika da tafasasshen ruwa da ya huce. A zuba a kwalabe, a bar su awa 72 kafin a fara amfani. Sharaɗin shi ne etanol ɗin ya zo da takardarsa daga inda aka amince, domin metanol guba ne kuma ido ba ya bambanta su. Kwalaben da suka ƙare a wanke su, a tsabtace, a shanya su bushe sarai kafin a sake cikawa. Kada a yi ta ƙari a kan saura.

Audugar da SODECOTON ke saye a gonakinmu, da masaƙar CICAM da ke nan Garwa, da telolin babbar kasuwa, duk sun nuna amfaninsu bayan an wajabta takunkumi ranar 13 ga Afrilu 2020. Na yadi ya dace da masu jinya da masu zuwa dubiya, sai na asibiti ya rage wa ma'aikatan da ke kan marar lafiya. Rigar kariya ta yadi kuma tana wankuwa da sabulu da ruwan zafi mai digiri 60 zuwa 90, ko a jiƙa ta minti 30 a kulorin na kashi 0.05, a ɗauraye a shanya. Rana dai ba mu rasa ta ba. Tabarau na kariya, takalmin roba da atamfar roba mai kauri duk ana wankewa a mayar. Takunkumin asibiti da safar hannu da sirinji kuwa sau ɗaya ne, babu ciniki.

A kan safar hannu muke yawan sa-in-sa da majo, wato shugaban ma'aikatan jinya. Tun korona wasu suka ɗauki saka ta a matsayin alamar tsabta, har ka ga mutum da safa ɗaya ya taɓa marar lafiya, ya taɓa biro, ya amsa waya. Ba a bukatarta wajen auna zafi, auna hawan jini ko yin allurar rigakafi, sai in akwai rauni a hannu ko za a taɓa jini. Wanke hannu tsakanin mutum da mutum ya fi. Cibiyar da ta gyara wannan kaɗai za ta ga bambanci a katin sito kafin wata ya ƙare.

Firji da mota

Idan ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya, wuta takan yi ƙaranci a arewa baki ɗaya, kuma janareta na shan man dizal da ya kamata ya tafi motar ɗaukar marasa lafiya. Firjin sola marar batir, mai tara sanyi a jikinsa da rana ya riƙe har dare, shi ya fi dacewa da mu. Rigakafin korona da suka fara isowa a Afrilu 2021, Sinopharm da AstraZeneca, duk digiri 2 zuwa 8 suke so, daidai da na yara. Abin da ke kashe irin wannan firji ƙura ce. Da hunturu a hau a goge farantin sola da sassafe da tsumma mai laushi da ruwa, kafin ya yi zafi. Ruwan sha da lemo ba su da wuri a ciki, ko na wane ne. A kula da daskarewa kamar yadda ake kula da zafi, domin fenta, rigakafin yara mai haɗa cututtuka biyar, da rigakafin tetanus in suka daskare sun tashi aiki. In akwai injin iskar oksijin mai jawo ta daga iskar ɗaki, a wanke soson bayansa duk mako, da hunturu ma fiye da haka.

Batun mota gajere ne. Cibiyoyi huɗu da ke kan hanya ɗaya su haɗa rana ɗaya su ɗauko kaya a mota ɗaya. In za ta koma gunduma kada ta tafi wayam, ta ɗauki akwatunan allura da aka rufe da magungunan da suka lalace, a cikin durom mai murfi, ba tare da fasinja ko kayan abinci ba.

Rabewa da ƙonawa

Kimanin kashi 85 na sharar asibiti shara ce kamar ta gida: kwali, takarda, ledar sirinji, ragowar abinci. Kashi 15 ne ke da haɗari. Amma da zarar an zuba auduga mai jini a kan kwalaye, duk bokitin ya zama mai haɗari. Lokacin korona tsoro ya sa komai aka riƙa turawa wajen ƙonawa, har robar ruwan da mai jinya ya sha. A kowane ɗaki a ajiye abu uku inda hannu zai kai ba tare da an taka ba: baƙin bokiti na sharar gida, rawaya mai murfi na abin da ya taɓa jini ko ruwan jiki, da akwatin kwali na allura. In ba a sami leda mai launi ba, fenti a jikin bokiti ya wadatar, a kuma zana hoto saboda wanda ba ya karatu. Allura daga hannu sai akwati, ba a mayar mata da murfi, kuma akwatin in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe. Duk odar sirinji 100 ta zo da akwati ɗaya mai lita 5. Na sha ganin an kawo sirinji dubbai babu akwati ko ɗaya, sai ka ga ana tara allurai a robar lemo.

Baƙin bokiti ne kawai ke zuwa bolar gari. Kwalaye masu tsabta a ajiye su, su ne makamashin murhun ƙona shara.

Murhun bulo mai ɗaki biyu irin na De Montfort, wanda aka ƙirƙiro a wata jami'a a Ingila, yana aiki ne idan ya kai digiri 800 ko fiye. Dattijon da ke kula da namu ba shi da ma'auni, da bakin bututu yake aiki. Yakan fara da busassun kwalaye da karan dawa, ya bar wuta ta ci har ƙofar ƙarfen ta ƙi taɓuwa, sannan ya jefa akwatin allura ɗaya ya rufe, ya ja da baya ya ɗaga kai. In hayaƙi ya fito baƙi, ya ƙara kara ya jira. In ya koma fari-fari har ya kusa ɓacewa, sai ya sa na gaba, ya haɗa jiƙaƙƙiyar shara kaɗan da busasshiya. Wata rana wani sabon ma'aikaci ya kawo masa ledojin ƙarin ruwa da robobinsu cike da bokiti. Ya ce, "Ɗana, mayar. Wannan hayaƙinsa har ɗakin haihuwa yake shiga." Gaskiya ya faɗa. Yawancin irin waɗannan robobi na PVC ne, kuma ƙona su a wuta marar ƙarfi na fitar da dayoksin, gubar da ke sauka a ƙasa da ciyawa ta shiga nono da nama. A yanka su don kada a sake amfani da su, a tsabtace da kulorin, a binne a ramin da aka killace. In cibiya na da tukunyar turara kaya ta musamman don shara, digiri 121 na minti 30 ya fi ƙonawa.

Kwalaben allura na gilashi a rufe suna fashewa a wuta, nasu rami daban. Gwangwanin feshi da batir ma ba sa shiga. Ma'aunin zafi mai zaiba in ya fashe ba a sharewa da tsintsiya, a tattara da takarda mai kauri a rufe a kwalba, kuma a oda ta gaba a nemi na lantarki. Batirin sola da ya mutu a sa a cikin yarjejeniya tun farko cewa wanda ya kawo shi zai karɓa, domin masu fasa shi a unguwa dalma suke watsa wa yara.

A kunna murhu lokacin da iska ke kaɗawa nesa da ɗakunan kwanciya da gidajen maƙwabta. Toka tana ɗauke da allurai da ba su narke ba, don haka da shebur ake kwasarta zuwa rami mai murfin siminti. Ramin toka da na mabiyiya su yi nesa da rijiya aƙalla mita 30, kuma gindinsu ya tsaya mita 2 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. A Yagwa da Kusuri da sauran garuruwan bakin kogin Lagon, inda ambaliya ta shiga gari a 2022 da 2024, wannan ba ya samuwa ta hanyar haƙa. A can sai a gina ramin sama da ƙasa a kan tudu, a shafe cikinsa da siminti.

Mai wannan aiki shi ake mantawa da shi a takardar oda. Ka rubuta masa safar hannu mai kauri har gwiwar hannu, takalmin roba, atamfa, tabarau da takunkumi, da lambar ƙafarsa ta gaskiya, kuma a yi masa rigakafin ciwon hanta nau'in B da na tetanus. In allura ta soke shi ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu, kada ya matse, kada ya zuba javel, ya sanar da majo a lokacin. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awanni na farko, kuma bayan awa 72 ya makara, saboda haka ya kasance akwai shi a inda mai aikin dare zai iya ɗauka ba sai an je gida neman mai makullin sito ba.